Mataimakin likita a gidan majinyaci, albashinsa a hannun kamfanin inshora

Akwai wani aikin lafiya da ke ƙara yawa a Amurka wanda ba a cikin asibiti ake yin sa ba. Ma'aikaci zai ɗauki jakarsa da na'urar awon jini da kwamfuta, ya shiga mota, ya bi gida gida yana duba tsofaffi da masu fama da cututtuka uku ko huɗu a jiki ɗaya: ga ciwon suga, ga ciwon zuciya, ga ƙoda ta fara gazawa, wani lokaci ga mantuwar tsufa a kai. Wanda ke biyansa albashi kamfanin inshorar lafiya ne, ko kuma wani reshe da kamfanin ya saya. Mafi yawan masu wannan aiki manyan ma'aikatan jinya ne masu lasisin rubuta magani, amma mataimakan likita, waɗanda a can ake ce wa PA, su ma suna cikinsa, kuma a kansu zan tsaya.

Ina goyon bayan mataimakin likita ya yi wannan aiki, matuƙar jinya aka tura shi ya yi. Abin da ba na goyon baya shi ne a tura shi gidan tsohuwa mai numfashi da ƙyar don kawai ya ƙirgo cututtukanta a kai wa gwamnati lissafi. Ayyukan nan biyu ana yin su da riga iri ɗaya da jaka iri ɗaya, sau da yawa a ƙarƙashin kamfani ɗaya, shi ya sa majinyaci ba ya iya bambanta su.

Sana'ar mataimakin likita ta samo asali ne a Jami'ar Duke a 1965, lokacin da Dakta Eugene Stead ya ɗauki mutum huɗu da suka yi aikin lafiya a rundunar sojan ruwa ya ƙara musu karatu, saboda ƙarancin likitoci. Rukunin farko ya kammala a 1967. Yau masu riƙe da takardar shaidar wannan aiki a Amurka sun haura 170,000. Karatun digiri na biyu ne na wajen wata 27, da aikin koyo a asibiti na kimanin sa'a 2,000, sannan jarrabawar ƙasa. Suna duba mara lafiya, su gano cuta, su sa a yi gwaji, su rubuta magani. An horar da su a kan kowane fanni kaɗan kaɗan, kuma wannan horo ne ya sa suka dace da majinyacin da cututtukansa suka cakuɗe, wanda likitan zuciya ke kallon zuciyarsa kawai, na ƙoda ke kallon ƙodarsa kawai, babu mai kallonsa gaba ɗayansa.

Dalilin da ya sa kamfanin inshora ke son su a fili yake. An daɗe da sanin cewa kashi 5 cikin 100 na mutanen Amurka su ke cinye kusan rabin kuɗin da ake kashewa a kan lafiya. Shirin Medicare, wanda gwamnati ta kafa a 1965 don 'yan shekara 65 zuwa sama, yanzu fiye da rabin mutanensa sun koma ɓangaren da ake kira Medicare Advantage. A wannan ɓangare gwamnati kan ba kamfani mai zaman kansa wani kuɗi tsayayye kowane wata a kan kowane mutum, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin jinyarsa. A 2024 mutum wajen miliyan 33 ne ke ciki. Idan mutum ya kwanta asibiti sau huɗu a shekara, aljihun kamfani ne ke ji. Idan aka kula da shi a gida bai kwanta ba, abin da ya rage ribar kamfani ce.

A wannan gaɓa buƙatar kamfani da ta majinyaci sun zo ɗaya, kuma ban ga laifin hakan ba. Ɗauki mai ciwon gazawar zuciya. Abin da ke kai shi ɗakin agajin gaggawa da tsakar dare yawanci ba farat ɗaya yake zuwa ba. Ruwa ne ke taruwa a jikinsa a hankali, ƙafa ta kumbura, nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya a kwana ɗaya ko fiye da kilo biyu a mako, numfashi ya fara sarƙewa idan ya kwanta. Idan akwai wanda ke bibiyar nauyinsa kullum, zai ƙara masa maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari tun a rana ta biyu, maganar ta ƙare a gida. Likitan da ke ganin majinyaci na minti goma sha biyar sau ɗaya a wata uku ba zai kama wannan ba, komai ƙwarewarsa. Wanda ya shiga gidan kuwa zai ga abin da ba ya shiga kati. Zai ga kwalaben magani goma sha biyu a kan tebur, biyu daga ciki magani ɗaya ne da suna daban, likitoci biyu suka rubuta, tsohon yana shan duka biyun. Zai buɗe firiji ya ga babu komai sai abincin gwangwani mai gishiri. Zai ga allurar insulin da aka daina saye tun watan jiya, ya ga bakin darduma da ya ɗago a hanyar banɗaki, ya ga cewa 'yar da ke kai tsohon asibiti ta koma wata jiha. Wani kamfani mai suna CareMore, wanda ya faro a Kalifoniya a shekarun 1990, ya yi suna ne da irin wannan kulawa, har da raba wa masu ciwon zuciya sikeli mai aika awon nauyinsu kai tsaye zuwa ga ma'aikatan lafiya. Kamfanin inshora na WellPoint ya saye shi a 2011. Kamfanin Landmark Health ma haka, likitoci da ma'aikatan jinya da mataimakan likita ke zuwa gidajen masu cututtuka da yawa, kuma ana iya kiransu dare da rana. Optum, reshen babban kamfanin inshora na UnitedHealth, ya saye shi a 2021. Mataimakin likitan da ke irin wannan aiki, wanda ya san majinyacinsa shekara da shekaru, yake ɗaukar wayarsa ranar Lahadi, ina ganin yana cikin masu yin aiki mafi amfani a tsarin lafiyar ƙasar.

Sai dai kuɗin da gwamnati ke ba kamfani ba ɗaya ba ne a kan kowa, kuma a nan gizo ke saƙar. Tun daga 2004 ake amfani da wani tsarin lissafi da ke ƙara kuɗi gwargwadon cututtukan da aka rubuta wa mutum. Manufar mai kyau ce, don kada kamfanoni su riƙa gudun masu rashin lafiya suna zaɓar masu ƙoshin lafiya. Amma tsarin ya buɗe wa kamfani hanya ta biyu ta samun kuɗi, wadda ta fi ta farko sauƙi nesa ba kusa ba. Hana mutum kwanciya asibiti aiki ne na watanni, da ma'aikata, da haƙuri, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ƙara masa cuta ɗaya a takarda aikin sa'a ɗaya ne, kuɗinsa kuma na shekara guda ne.

Daga nan aka samu ziyarar gida ta shekara shekara. Kamfani zai yi ta kiran tsoho a waya, wani lokaci har da tayin katin sayayya na 'yan daloli, a ce masa za a turo ma'aikacin lafiya kyauta. Ma'aikacin zai zo, ya yi tambayoyi masu yawa, ya yi 'yan gwaje-gwaje, ya cike fam a kwamfuta, ya tafi. A mafi yawan irin wannan ziyara ba ya rubuta magani, ba ya canza wanda ake sha, ba kuma lallai ya sake dawowa ba. A watan Oktoban 2024 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya fitar da rahoto cewa cututtukan da ba a gani a ko'ina ba sai a irin wannan tantancewa, da bitar kati da ke da alaƙa da ita, sun jawo wa kamfanoni kimanin dala biliyan 7.5 a 2023. Mutum miliyan 1.7 ne abin ya shafa, kuma babu wata shaidar cewa an sake ganin su, ko an yi musu gwaji, ko an yi musu wata jinya a kan waɗannan cututtuka. Ko dai cututtukan babu su, an karɓi kuɗin jama'a a kan abin da ba shi, ko kuma akwai su, an gano mutum na da ciwo mai tsanani aka bar shi haka. Ban san wanne ya fi muni ba a cikin biyun, ko da yake na biyun ya fi taɓa mini zuciya. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya karɓi ƙarin kuɗi da sunan ciwon wata tsohuwa, jinyar wannan ciwo ta hau kansa.

Jaridar Wall Street Journal ta yi nata binciken a 2024, ta ce cututtukan da kamfanoni suka ƙara da kansu, waɗanda babu likitan da ya yi jinyarsu, sun kawo musu wajen dala biliyan 50 a shekara uku da suka ƙare a 2021. Kamfanonin sun musanta yadda aka yi lissafin, suna cewa ziyarar na gano cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma ba na shakkar hakan na faruwa a wasu gidaje. Amma hukumar MedPAC, mai ba Majalisar Dokokin Amurka shawara a kan Medicare, ta ƙiyasta cewa a 2024 gwamnati ta biya kamfanonin kashi 22 cikin 100 fiye da abin da za ta kashe da mutanen nan na cikin tsohon tsarin, wato kusan dala biliyan 83, kuma yawan rubuta cututtuka na cikin manyan dalilai. Idan mutum na son sanin darajar wannan ziyara a idon 'yan kasuwa, ya duba farashi: CVS Health, mai kamfanin inshora na Aetna, ya sayi Signify Health, wanda babban aikinsa tantancewar gida ne, a kan wajen dala biliyan 8 a 2023. A watan Yulin 2025 kuma UnitedHealth ya bayyana cewa ma'aikatar shari'a na bincikensa a kan harkokinsa na Medicare, yana mai cewa ya yarda da ingancin ayyukansa.

To, ina mataimakin likita a cikin wannan? Shi ne mai sa hannu. Lambar lasisinsa ce a ƙarƙashin kowace cuta da aka rubuta. Manhajar da ke kwamfutarsa kan kawo masa jerin cututtukan da ake zaton majinyaci na da su, bisa magungunansa da tsofaffin bayanansa, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Idan ya cika ƙi, akwai mai bitar aikinsa da zai tambaye shi dalili. Ba sai an ce masa ya yi ƙarya ba. Ya isa a riƙa dawo masa da fam ana tambayarsa ko ya tabbata, a gida na shida na wannan rana, yana da sauran biyu.

Matsayinsa ya fi na likita rauni ta wata fuska da ba a cika faɗa ba. A yawancin jihohin Amurka, doka ta ɗaure aikin mataimakin likita da wani likita mai sa ido ko mai haɗin gwiwa, duk da cewa wasu jihohi irin su Dakota ta Arewa da Utah sun sassauta wa waɗanda suka daɗe a aiki. An yi wannan doka ne don kare majinyaci: idan mataimaki ya yi shakka, yana da babba da zai koma wa. Amma idan likitan da ke sa masa ido ma'aikacin kamfanin ne shi ma, ana auna shi da ma'auni ɗaya, ƙila yana sa ido a kan mataimaka da dama da ba ya gani sai a waya, to kariyar ta zama ta takarda. Mataimakin da ya ƙi rubuta cutar da bai gamsu da ita ba, wa zai tsaya masa? Da yawansu sun fito makaranta da bashin karatu na fiye da dala 100,000, aikin kamfani kuma yakan zo da lokacin tashi tsayayye, babu kwanan asibiti. Ba na zargin wanda ya zaɓi wannan aiki don ya ga 'ya'yansa da yamma. Ina zargin tsarin da ya ɗora masa nauyin gaskiya shi kaɗai, alhali ribar ƙaryar wani ne zai ci.

Akwai kuma kujera ta uku, wadda ba ta zuwa gidan kowa. Wasu ma'aikatan lafiya na kamfani aikinsu bitar buƙatun neman izini ne kafin a yi wa majinyaci aiki ko a kai shi cibiyar farfaɗowa bayan sallama. A 2022 ofishin babban mai binciken nan ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na buƙatun da aka ƙi a samfurin da ya duba sun cika sharuɗɗan Medicare. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya nuna a 2024 cewa yawan ƙin da UnitedHealthcare, ɓangaren inshora na UnitedHealth, ke yi wa buƙatun jinyar bayan sallama ya tashi daga kashi 10.9 a 2020 zuwa kashi 22.7 a 2022. A Medicare Advantage gaba ɗaya, kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka ƙi ne kawai ke ɗaukaka ƙara, amma fiye da kashi 80 na waɗanda suka ɗaukaka sukan yi nasara. Masu cututtuka da yawa su ne suka fi buƙatar irin wannan jinya, su ne kuma suka fi rashin ƙarfin ɗaukaka ƙara. Mataimakin likitan da ke jinyar mutum a gida a ƙarƙashin kamfani zai iya tsintar kansa yana roƙon wani ofis na kamfaninsa ya amince da abin da shi ya gani da idonsa cewa ana buƙata.

Masu kare kamfanoni kan ce kasuwa za ta gyara kanta, tunda kulawa mai kyau na rage kashe kuɗi. Ina fata haka ne, amma shaidar ba ta kai yadda ake faɗa ba. A garin Camden na jihar New Jersey, Dakta Jeffrey Brenner ya jagoranci wani shiri da ya yi suna ƙwarai, na bin majinyatan da suka fi kowa kwanciya asibiti har gida, da ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a. Masu shirin da kansu suka yarda a gwada shi gwaji mai tsauri. Sakamakon ya fito a 2020: cikin mutum 800 da aka raba gida biyu, waɗanda aka bi da waɗanda ba a bi ba duk sun koma asibiti daidai wa daida, wajen kashi 62 cikin 100 a wata shida. Mutane ne masu gaskiya suka yi aikin, amma talauci da rashin muhalli da shaye-shaye sun fi ƙarfin ziyarar 'yan watanni. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, jinyar masu cututtuka da yawa ba kullum take biyan kuɗin kanta ba. Kamfanin da ya shigo don rage kashe kuɗi, idan ragin bai zo ba, ɗayan biyu zai yi: ya rage ma'aikatan jinyar, ko ya jingina shirin a kan kuɗin rubuta cututtuka. Ga kuma wani abu da ke ƙara ɗaure kai. Doka ta ce kamfani ya kashe aƙalla kashi 85 cikin 100 na abin da ya karɓa a kan jinya, amma idan asibitin da ma'aikatan gidan duk nasa ne, kuɗin da ya biya reshensa a lissafin jinya yake shiga, riba kuma ta zauna a can.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a hana kamfanonin inshora ɗaukar ma'aikatan jinya gaba ɗaya. Ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka ta yi hasashen ƙarancin likitoci da zai iya kai 86,000 nan da 2036. Tsohon da ke ƙauye a jihar da asibitinta mafi kusa ya rufe, idan aka hana mataimakin likitan kamfani zuwa gidansa, babu wani da zai zo a madadinsa. Gyaran da nake so ya fi wannan sauƙi. Gwamnati ta daina biyan kuɗi a kan duk cutar da aka rubuta a ziyarar gida matuƙar ba a ga jinya ta biyo baya ba. Ba sabuwar magana ba ce, MedPAC ta ba da irin wannan shawara tun 2016, babban mai bincike ma ya nemi a taƙaita abin a 2024, hukumar da ke kula da Medicare ba ta amince ba. Abin da ta yi shi ne sabunta tsarin lissafin daga 2024 zuwa 2026, ta cire lambobin cututtuka kusan 2,000 daga cikin masu jawo kuɗi. Wannan ya taimaka, amma kamfani zai koyi sabon jerin kamar yadda ya koyi tsohon. Ranar da rubutu ba tare da jinya ba ya daina kawo ko sisi, kamfanin da kansa zai mai da mataimakin likita daga mai cike fam zuwa mai jinya, domin ta nan kaɗai ziyarar za ta biya. Bayan haka, kada a haɗa albashi ko ladan ma'aikaci da yawan cututtukan da ya rubuta, kuma likitan da ke sa masa ido ya zama mutum ne da za a iya samu a waya lokacin da ake cikin gidan majinyaci, wanda sashen kuɗi ba shi ke auna aikinsa ba. Ƙungiyoyin mataimakan likita sun yi shekaru suna fafutukar a sauya sunan sana'ar da a rage sa idon likitoci. Da sun ba da ko rabin wannan ƙarfi wajen neman doka mai kare ɗansu da ya ƙi sa hannu, da sun yi wa sana'ar babban aiki.

Maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Ghana na da mataimakan likita da ke riƙe da cibiyoyin lafiya da yawa a karkara, tana kuma da inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003. Najeriya ta wajabta inshorar lafiya a dokar 2022, kuma duk wanda ya taɓa zama a benci yana jiran kamfanin HMO ya turo lambar izini ya san yadda buƙatar mai biya ke shiga tsakanin majinyaci da mai duba shi. Idan wata rana kamfanoninmu suka fara ɗaukar nasu ma'aikatan suna turawa gidajen masu ciwon suga da hawan jini, ya kamata masu tsara dokar su riga su sanin abin da ya faru a Amurka.

'Yan uwanmu da ke zaune a unguwar Bronx ta New York da sauran biranen Amurka, waɗanda iyayensu ke cikin Medicare Advantage, su kuwa wayar na iya shigo musu gobe. Ziyarar ba dole ba ce, ƙin ta ba ya taɓa inshorar mutum. Kafin a ce a zo, a tambayi mai kiran: wanda za a turo zai iya rubuta magani ko ya canza wanda ake sha? Shi ne zai sake dawowa, ko wani daban? Akwai lambar da za a kira idan jiki ya rikice da dare? Za a aika wa likitan Baba rahoton abin da aka gani, a ba mu namu kwafi? Idan amsoshin duk e ne, a buɗe ƙofa, a tara duk magungunan gidan a kan tebur, a kuma samu wani ɗa ko jika ya zauna a wurin har a gama. Idan rahoton ya zo da sunan cutar da ba a taɓa ji ba, a kai shi wurin likitan da ya san majinyacin, a nemi ya tabbatar da ita ko a cire ta daga katin.